Shekarar da Na Dawo da 'Yar Wasu

Ni mace ce mai faɗa, ba sai wani ya gaya mini ba. 'Ya'yana sun sani, surukaina sun sani, matan zumunta na cocinmu ma sun sani, shi ya sa in za a raba abinci a taro ni suke tsayarwa a bakin tukunya. Amma duk da faɗan nan nawa, akwai rana ɗaya a shekara da jikokina suke ɗoki kamar su jawo ta da igiya, ita ce kashegarin Kirsimeti. Ranar Kirsimeti ta kowa ce: a je coci, a dawo a ci shinkafa da naman akuya, a aika wa maƙwabta nasu a kwanukan samira. Kashegari kuwa tawa ce ni kaɗai. Iyaye su huta, ni in kwashi yaran mu fita.

Daga Filato muka sauko ni da marigayi maigidana, ya sami aikin reluwe, muka zauna a unguwar Television tun tana da gonakin masara a tsakanin gidaje. Bayan rasuwarsa gida ya yi mini faɗi, sai na ƙirƙiro wannan fita. Muna shiga bas mu tafi Kamazou, filin wata makarantar firamare, inda kowace ƙabila take fito da rawarta a ranar. Daga ƙarshen filin ana hango wutar matatar mai ta Rido tana ci a kan dogon bututunta. Yaran sun fi son wutar nan a kan rawar. Kowace shekara sai sun tambaye ni wa yake hura ta, ni kuma in ce su tambayi gwamnati.

Ina da dabarata ta kiwon yara a cikin taro, kuma ina alfahari da ita. Tun watan Nuwamba nake zaga kasuwa in nemo atamfar da ban gani a jikin kowa ba, in kai wa tela ya yi musu anko, mata riguna masu tattara, maza riga da gajeren wando. In ƙara musu da hular kwali da tabarau na roba, irin wanda yara suke sa wa a Kirsimeti, mai rufe rabin fuska. To in mun shiga taro ba na wahalar da kaina da kiran sunaye. Zanen kawai nake bi da ido, in ƙirga kawuna, in sun cika mu wuce. Shekara biyar ina haka ko takalmi bai taɓa ɓace mana ba.

Shekarar da nake ba da labarinta tana tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da ake bin layi kafin a sami madara da sabulu. Atamfa ta yi tsada, na je kasuwa sau biyu na dawo ina zagin 'yan kasuwa a hanya. Sai ga babban ɗana, wanda yake aiki a masaƙa, ya shigo da turmi biyu a hammata, ya ce an raba wa ma'aikata na Kirsimeti. Koriya ce shar, da zanen tsuntsaye rawaya. Na shimfiɗa ta a gado na yi ta shafawa, na ce Allah ya yi masa albarka. Ko kusa bai zo mini a rai ba cewa ba ɗana kaɗai ne yake aiki a masaƙar nan ba. Ranar Kirsimeti na ga yara biyu ko uku da irinta a coci, sai na ja tsaki na ce a raina, mutane dai ba su da aiki sai kwaikwayo.

Jikokina shida ne masu fita, babbarsu tana da shekara tara. A shekarar nan na ce za su zama bakwai, don 'yar babban ɗana ta cika huɗu, ta isa a tafi da ita. Uwarta, surukata, ta binne biyu kafin ta same ta, kuma tun da ta same ta ba ta yarda ta wuce bakin ƙofa ba tare da ita ba. Yarinyar shiru-shiru ce, in ba ka tanka mata ba sai ta wuni ba ka ji muryarta ba. Da safe surukata ta yi mata wanka, ta sa mata rigar, ta ɗaura mata jan takalmi, amma ta ƙi sakin hannunta.

Ta ce, "Mama, ko a bar ta sai baɗi? Taron nan yana da yawa."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Ke 'yar nan, shida na haifa, har da mijinki, na raine su a gidan haya kusa da layin dogo, ban yar da ko ɗaya ba. Yau ke za ki koya mini riƙon yaro?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yi haƙuri, Mama." Ta ɗauki hannun yarinyar ta sa a cikin nawa. Na ce mata kafin ƙarfe huɗu muna gida. Baki shi ke yanka wuya, na sha faɗa wa wasu, ranar nan kuma nawa ne ya yanka ni.

Muna sauka daga bas a Kamazou na tsaya cak. Kai! Filin nan kore ne shar. Yara a guje da tsuntsaye rawaya a bayansu, mata sun yi zani da ɗankwali da ita, wani tsoho ya ɗinka 'yar shara, har mai buga babbar ganga ya ɗaura ta a kwankwaso. Duk inda na juya atamfata ce. Kuma kowane yaro da hularsa ta kwali da tabaransa na roba, don mai sayarwa ɗaya ne ya zaga unguwanninmu duka. Na buɗe baki na kasa rufewa. Mai hankali da ta juya da yaranta ta hau bas ɗin da ya kawo ta. Ni kuwa na ce in koma in gaya wa surukata me? Na tattara su na ce kowa ya riƙe na kusa da shi, ƙaramar kuma na ba ta gefen zanina ta kama.

Mun kalli wutar Rido, mun sha lemo, mun ci cincin ɗin da na ƙullo a leda. Amma raina a dagule yake, ƙirga ɗaya sai in yi ta sau uku, don kullum sai wani ɗan wasu ya gitta ya cika mini takwas. Babbar jikata ta dame ni da roƙon balan-balan, Kaka wannan, Kaka wancan, har na kai mata ranƙwashi a tsakiyar kai. Na ce in na sake jin bakinta kafin mu kai gida, sai na ƙara mata biyu, kuma baɗi ba da ita ba. Sauran suka ji, kowa ya shiga taitayinsa.

Wajen ƙarfe uku wasu masu rawa da wutsiyar doki a hannu suka taso gadan-gadan, da'irar ta buɗe, jama'a suka yo baya kamar an koro shanu. Aka ture ni, ɗankwalina ya faɗi, na ji an saki zanina. Na sunkuya na ɗauki ɗankwalin, na miƙa hannu baya ba tare da na juya ba, na cafko wani ɗan ƙaramin hannu, na ja. Na duba: koriyar riga, hular kwali, tabarau, tsayin dai shi ne. Na ce, "Ba na ce ki riƙe ni ba?" Ba ta ce komai ba. To dama tawa ba mai magana ba ce.

Na fito da su gefe. Akwai wani mai hoto da yake da shago a Television, kowace shekara yana zuwa filin da kyamararsa, kuma ba ma tafiya sai ya ɗauke mu. Na jera yaran, na ƙirga, bakwai cif. Na sa ƙaramar a gabana na dafa kanta.

Babbar ta ce, "Kaka, wannan fa ba..."

Na ce, "Rufe mini baki ki dubi mai hoto! Me na gaya miki ɗazu?"

Ta rufe. Mai hoto ya ce a yi murmushi, na yi. Daga nan na kore su zuwa bakin titi, don ina son mu sami bas kafin taro ya watse a yi ta kokawar shiga.

A cikin bas na ɗora ƙaramar a cinyata. Na ba ta ragowar cincin, ta karɓa ta riƙe ba ta ci ba, can sai ta kwantar da kai a ƙirjina ta yi barci da tabaranta. Ina ta bubbuga bayanta ina jin daɗi, ina shirya abin da zan gaya wa uwarta. Babbar tana kujerar baya tana kuka ƙasa-ƙasa, sauran sun yi tsit. Ta sake cewa, "Kaka," na juya na watsa mata harara, ta haɗiye. Na ɗauka zafin ranƙwashin ne bai sake ta ba.

Huɗu saura muka shiga gida. Surukata tana zaune a bakin ƙofa, da gani tun azahar take wurin. Na sauke yarinyar daga kafaɗata na tsayar da ita, na ce, "To ga 'yarki nan, ƙirga yatsunta ko ɗaya ya ɓace."

Ba ta yi dariya ba. Ƙafafun yarinyar take kallo. Na bi idonta, sai na ga farin takalmi na roba. Surukata ta durƙusa a hankali, ta sa hannu ta cire tabaran.

Yesu! Ban taɓa ganin fuskar nan ba a duniya. Yarinya ce mai faɗin goshi, da ɗan tabo a haɓa, tana kallonmu da idon barci. Na sake duban sauran yaran ɗaya bayan ɗaya, wai ko tawa tana cikinsu, wai ko idona ne. Shida ne, da baƙuwa. Yarinyar ta dubi gidan, ta dubi mutanen, sai ta tsala ihu tana kiran wani abu da yaren da babu mai ji a cikinmu.

Babbar jikata ta fashe da kuka ta ce, "Sau biyu na so in gaya miki, Kaka. Kika ce in rufe baki."

Da surukata ta zage ni, da ta kama ni da kokawa, da na fi samun sauƙi. Ba ta ɗaga murya ba. Tana durƙushe da tabaran a hannunta ta ɗago ta ce, "Mama, ina 'yata?"

Ɗana ya fita gaishe-gaishe, babu wanda ya san gidan da yake. Na fita a guje ba takalmi, na faɗa gidan maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayar da hatsi, wanda jiya-jiya muka aika wa shinkafa. Yana alwalar la'asar. Ban ma yi sallama ba, na ce, "Alhaji, na yar da jikata a Kamazou!" Ya dube ni, ya ajiye buta, ya ce, "Mama, shiga mota." Muka bar sauran yaran wurin Hajiyarsa, muka cusa kanmu a gaban akori-kurarsa.

Na miƙa hannu zan ɗauki baƙuwar yarinyar, surukata ta ce, "Bar ta, Mama, ni zan riƙe ta." Ta rungume ta tana rarrashi, tana share mata hawaye da bakin zaninta. Wannan magana ta fi mari zafi, kuma na san na cancance ta.

Hanyar nan da muke yi a ɗan lokaci, ranar ta ƙi ƙarewa. Tankokin mai suna ta wuce mu, suna tafiya matata, kowace ta wuce sai gabana ya yanke ya faɗi, don filin makarantar ba shi da katanga kuma bakin titi yake. Yarinya 'yar shekara huɗu, ba ta san sunan unguwarsu ba, in an tambaye ta ma ba za ta amsa ba. Na tuna ƙananan kaburbura biyu da na raka surukata. Na yi addu'a da Hausa, na yi da yarenmu, na ce Ubangiji, in wani zai biya wannan ganganci, ga ni, ni na yi. Alhaji yana ta cewa in sha Allahu za a same ta.

Taro ya fara watsewa, amma har yanzu koren yana nan ko'ina. Na zama kamar mahaukaciya. Duk ƙaramar yarinyar da na gani sai in damƙe ta in fizge tabaranta, in sake ta in kama wata. Wata mata ta bangaje ni ta ce, "Baba, lafiyarki kuwa?" Ban tsaya ba. Sai a lokacin nake ƙwala kiran sunan jikata, sunan da ban kira ko sau ɗaya ba tun da muka baro gida da safe. Alhaji ya nufi wurin masu ganga ya roƙe su su tsaya a yi cigiya.

Baƙuwar yarinyar ce ta gan su. Ta zame daga hannun surukata ta ruga wajen wata bishiyar mangwaro a bayan azuzuwa. A gindinta wata dattijuwa ce zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, yara huɗu masu koren kaya sun kewaye ta, a cinyarta kuma ga jan takalmi. Jikata ce, ba hula ba tabarau, fuska duk busasshen hawaye, tana tsotsar lemo. Surukata ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba, ta sure ta, ta zube a ƙasa da ita.

Dattijuwar 'yar Binuwai ce, tana sayar da doya a kasuwa, ɗanta ma a masaƙar yake aiki. Ita kuma yarinyar da na ɗauka jikarta ce da aka kawo daga ƙauye satin nan, ko "zo" ba ta ji da Hausa. Ta rungume ta, ta juya ta gaba da baya, ta duba hannu ta duba ƙafa. Ni kuwa na tsaya na sunkuyar da kai ina jiran zagi, don da ni ce, Allah ya sani, da sai filin nan ya sake cika.

Ta ce, "Da aka yi turereniyar nan na cire wa nawa tabarau ɗaya-ɗaya, na ga babu ƙaramar. Ina cikin dube-dube sai ga wannan ta biyo zanina tana kuka. Na ce to, wadda ta ɗauki tawa ita ce mai wannan. In na tashi yawon nema, ta dawo ba za ta same mu ba. Sai na zauna."

Na ce, "'Yar'uwa, ki yafe mini. Kaya ne iri ɗaya."

Ta ce, "Kaya iri ɗaya ne, ai na gani. Har gida kika kai ta?"

Na ce har gida.

Ta kalle ni, ba da fushi ba, da mamaki. Sannan ta ce, "A cikin mota fa? Ba ki duba ba?"

Na ce a cinyata ta yi barci. Ta kama baki. Ta miƙe ta goya jikarta, ta tattara sauran suka tafi.

Na matsa na miƙa wa tawa hannu, na ce, "Zo, 'yar Kaka." Ta maƙale a wuyan uwarta ta juya mini ƙeya. Sai na ji ta tana magana a kunnen uwar, yarinyar da ba ta haɗa kalma biyar a wuni. Ta ce, "Mama, na ga Kaka. Na kira ta, ba ta ji ba. Ta samu wata yarinya, ta yi hoto da ita, suka tafi."

A gaban Alhaji da masu ganga da sauran jama'a na zauna daɓas a ƙasa na yi kuka. Tun ranar da aka binne maigidana ba wanda ya ga hawayena sai ranar.

Bayan sabuwar shekara mai hoto ya aiko da hoton. Na buɗe ambulan a tsakar gida, kowa ya leƙo. Ga jikokina shida a jere, babu ɗaya da yake kallon kyamara, duk sun karkata kai suna kallon yarinyar da take tsakiya. Babbar ta cije leɓe. Ga farin takalmi ƙiri-ƙiri a gaba. Ni kaɗai ce nake kallon mai hoto, na dafa kan 'yar mutane, haƙorana duk a waje. Ɗana ya ce a yaga shi. Surukata ta ce a'a, a bar wa Mama kayanta. Na rataye shi a ɗakina saitin gado, yana nan har yau, koren ya koɗe ya zama ruwan toka.

Shekarar nan duka yarinyar ba ta shiga ɗakina ba. In na miƙa mata ƙosai sai ta kalli uwarta kafin ta karɓa. Da Nuwamba ta zagayo ban je kasuwa neman atamfa ba, na ce kowa ya sa abin da uwarsa ta ɗinka masa. Ban kuma yi wa surukata zancen fita ba, ina ni ina wannan baki.

Kashegarin Kirsimeti da safe yaran shida suka taru a ƙofata. Na hana tabarau. Na bi su ɗaya-ɗaya, in kira suna, in ɗaga haɓa, in jira a amsa. Na gama da na shida ina gyara ɗankwali, sai na ji motsi a bayana. Surukata ce tsaye, riƙe da hannun 'yarta, an sa mata jar riga. Ta saki hannunta.

Yarinyar ta tako a hankali har gabana. Na durƙusa, na buɗe baki zan kira sunanta. Sai ta sa tafin hannunta biyu ta kama kumatuna, ta juyo da fuskata saitin tata sosai, har ina jin numfashinta.

Ta ce, "Kaka, duba da kyau. Ni ce."